WA AKA ZAƁA, WA AKA BARI? MAGANA GA 'YAN UWANA ƊALIBAN AREWA A KUDU

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na Jos da na Kafanchan, na Biliri da na Numan, na Zuru da na Takum, har da abokanmu Musulmi da muke cin tuwo kwano ɗaya in an samu garin masara. Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun yanzu. Wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Amma don Allah wanda ya fara ya kai ƙarshe kafin ya ba ni amsa.

Duk mai zuwa zumuntarmu ya san abin da ya cinye mana wannan zangon karatu. Gardamar ƙaddara ce. Ta fara a nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba, lokacin da muka iso Romawa sura 9, ta bi mu har hostel, ta shiga guruf ɗinmu na WhatsApp, yanzu guruf ɗin ya zama biyu. Akwai mutanen da muka hau motar dare tare daga gida, muka raba biredi da ruwan leda a hanya, amma yau in sun haɗu a gaban laburare sai dai ɗaga hannu daga nesa. Wannan yana kiran wancan mai tauye ikon Allah, wancan yana kiran wannan mai mayar da Allah azzalumi. Mu da duka-duka ba mu cika aji ɗaya ba a makarantar nan.

Ga tambayar a sauƙaƙe, domin waɗanda suke jin hayaniyar ba su san kanta ba. Idan mutum ya sami ceto, daga ina abin ya faro? Shin tun kafin a halicci duniya Allah ya zaɓi waɗanda zai cece su, ba don ya hango wani abin kirki a cikinsu ba? Ko kuwa ya buɗe ƙofa ga kowa, ya ba kowa alherin da zai iya amsa kira da shi, wanda ya ƙi kuma shi ya ƙi da kansa? Daga nan sai tambaya ta biyu ta fito, kuma ita ce mai zafin: idan mai wa'azi ya tsaya a tashar mota ya ce kowa ya zo, da gaske Allah yake kiran kowa, ko kuwa wasu kaɗai ake nufi, sauran suna jin sauti ne kawai?

Kowane ɓangare yana da ayoyinsa, kada wani ya ruɗe ka cewa ɗaya ɓangaren ba ya karanta Littafi. Masu cewa zaɓe ne za su buɗe maka Afisawa sura 1, inda Bulus ya kai maganar zaɓe can baya kafin a kafa duniya. Za su nuna maka Yakubu da Isuwa a Romawa 9, an fifita ɗaya tun suna ciki, da misalin maginin tukwane da yumɓunsa. Za su ƙara da Yohanna 6:44 da Ayyukan Manzanni 13:48. Masu cewa ƙofa a buɗe take su ma ba su zo hannu rabbana ba. Suna da Yohanna 3:16 da muka haddace tun a makarantar Lahadi. Suna da 1 Timoti 2:4 da 2 Bitrus 3:9, masu nuna nufin Allah shi ne kowa ya tuba ya tsira. Suna da Ezekiyel 33:11, inda Allah ya rantse cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai, da Matiyu 23:37, inda Yesu ya yi baƙin ciki a kan Urushalima domin ya so tattara su suka ƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Yohanna 6:37. Rabin ayar na farko na masu zaɓe ne, rabi na biyu na masu buɗaɗɗiyar ƙofa ne, kuma baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun.

Me ya sa sai da muka zo Kudu abin ya kama wuta? A gida yawancinmu ba mu san muna da bambanci a nan ba. Ɗan NKST da ɗan CRCN sun fito ne daga layin Kalbin, cocinsu yana riƙe da Katekizim na Haidelbag da dokokin taron Dot. Ɗan cocin Metodis na wajen Bambur da Jalingo layin Wesli yake bi. Ɗan LCCN na Numan Luta ne kakansa. 'Yan EYN da suka fara a ƙarƙashin tsamiya a Garkida a 1923 tushensu daban ne. Duk da haka waɗannan coci-cocin sun zauna inuwa ɗaya a TEKAN tun shekarun 1950, fastocinsu suna karatu tare a TCNN da ke Bukuru. Mu 'yan ECWA kuma mishan ɗin da ya haife mu, wato SIM, ya tattaro ma'aikata ne daga ɗarikoki iri-iri. Iyayenmu mata na zumunta suna haɗuwa taro, kowace da zanen cocinta, su buga tulu su yi waƙa, ba wadda ta taɓa tambayar wata ra'ayinta a kan Romawa 9.

Da muka zo nan sai ga data mai arha da dare, ga wa'azozin Amurka a YouTube, ga littattafai kyauta a waya. Wani ya yi sati biyu yana saurare sai ya wayi gari da kalmar TULIP a baki. Wani kuma ya shiga cocin da ake kiran mutane gaba kowace Lahadi, ya dawo yana ganin duk wanda ya ambaci zaɓe ya kauce hanya. Ba laifi ba ne mutum ya yi karatu, ai abin da ya kawo mu ke nan. Amma tunda muna son gardamar, ya kamata mu san shekarunta.

Gardamar ta girmi Turai a wannan fanni, domin a nahiyarmu ta fara ƙarfi. Agustin, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430, bishop ne a garin Hippo, inda yau ake kira Annaba a Aljeriya. Abokin jayayyarsa Felajiyus, mutumin Birtaniya, ya ga yadda Kiristocin Roma suka yi sake da rayuwarsu, sai ya riƙa koyar da cewa mutum yana da ikon bin dokar Allah in ya ga dama. Agustin ya ce a'a, zunubi ya lanƙwasa nufin mutum, in ba alherin Allah ya riga shi motsi ba, ko taku ɗaya ba zai yi ba. Taron Kartej na 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus. A 529 wani taro a garin Oranj na Faransa ya tabbatar cewa alheri ne ke fara aiki kafin bangaskiya, amma ya la'anci ra'ayin cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Bayan shekara dubu sai ga Jon Kalbin, Bafaranshe da ya yi aikinsa a Jeneba, ya rasu a 1564. Ya koyar da cewa Allah ya ƙaddara wasu ga rai, wasu ga hallaka, kuma shi da kansa ya yarda cewa wannan hukunci abin razana ne. Abin lura, a bugun ƙarshe na babban littafinsa na 1559 bai sa maganar a farko ba. Sai da ya gama bayanin bangaskiya da tuba da addu'a, sannan ya zo kanta. Mu kuwa da ita muke tarbar ɗan aji ɗaya tun bai san hanyar ɗakin lakca ba.

Yakubu Arminiyus, wanda ake jingina wa ɗaya ɓangaren, a Jeneba ya yi karatu, a hannun Beza magajin Kalbin. Ya yi fasto a Amstadam, ya koyar a jami'ar Laiden, ya rasu a 1609. A 1610 almajiransa suka miƙa wa hukumar Holan takarda mai batu biyar: cewa Allah ya zaɓi waɗanda za su ba da gaskiya su jimre, cewa Almasihu ya mutu domin kowa ko da yake mai ba da gaskiya kaɗai ke amfana, cewa mutum ba ya iya wani abin kirki sai da alheri, cewa ana iya bijire wa alherin, sannan batun ko mai bi zai iya faɗuwa har abada suka ce sai an ƙara bincike. Ku duba na ukun nan da kyau. Arminiyus bai taɓa cewa mutum yana ceton kansa ba. Wanda ya kira ɗan uwansa Felajiyus don yana bin Arminiyus ya yi masa ƙazafi.

Amsar takardar nan ce ta haifi taron Dot, daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619, da wakilai daga Ingila da Suwizalan da wasu yankunan Jamus. Taron ya ba da amsa batu bayan batu, abin da daga baya masu Turanci suka taƙaita da TULIP: lalacewar mutum ta taɓa ko'ina a cikinsa, zaɓe ba shi da sharaɗi, mutuwar Almasihu an nufe ta ta ceci zaɓaɓɓu tabbas, alheri yana cin nasara a zuciyar da ya kama, kuma tsarkaka za su jimre har ƙarshe. Siyasa ta shiga ciki sosai. An tuɓe fastoci kusan 200. Dattijon ƙasa Oldenbarnevelt, mai goyon bayan ɓangaren Arminiyus, an fille masa kai a Mayu 1619 yana da shekara 71. Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana lakca a kan abin da ke faruwa ba idan siyasa ta ari rigar addini.

To ga abin da ya sa na ɗauki waya na yi wannan dogon rubutu. Shi kansa taron Dot, wanda 'yan uwanmu ke tutiya da shi, ya rubuta cewa mutuwar Almasihu tana da darajar da ta isa ta shafe zunuban duniya duka. Ya ce wajibi ne a yi shelar alkawarin bishara ga dukan al'ummai da dukan mutane ba tare da tantancewa ba. Ya ce duk wanda aka kira ta bishara da gaske ake kiransa, kuma wanda ya ƙi zuwa laifin ba na bishara ba ne, ba na Almasihu ba ne, nasa ne. Har ya ce iyaye masu tsoron Allah da jaririnsu ya rasu kada su yi shakkar cetonsa. Dattawan da suka fi kowa tsanani a kan zaɓe ba su ba kowa izinin ya dubi mutum ya ce masa ba ya ciki ba.

An samu waɗanda suka wuce gona da iri, ba a musu. A Ingila a ƙarni na 18 wasu Baptis sun kai ga cewa bai kamata a gayyaci mai zunubi ya ba da gaskiya ba sai an ga alamar zaɓe a jikinsa. Coci-cocinsu suka riƙa bushewa. Wanda ya tashi ya karya wannan ra'ayi, Andru Fula, shi ma mabiyin Kalbin ne, littafinsa ya fito a 1785. Abokinsa Wiliyam Keri, mai ɗinkin takalma, shi ma haka, kuma shi ne ya tafi Indiya a 1793 bai sake komawa gida ba har ya rasu a 1834. A Amurka ma, a 1924, majalisar cocin CRC ta zauna a Kalamazu ta tsaya a kan cewa tayin bishara na kowa ne, har fasto Herman Hoeksema da mabiyansa suka fita suka kafa nasu cocin. A daidai waɗannan shekarun wata 'yar cocin CRC ɗin, Johanna Veenstra, tana Lupwe kusa da Takum tana koyarwa da wa'azi. Ta rasu a 1933, kabarinta yana Vom. 'Yan Taraba, wannan tarihinku ne. Matar da ta gaskata da zaɓe ba ta tsaya tantance wa za ta yi wa magana ba.

Ina faɗar wannan ne saboda wani ƙanenmu ɗan aji ɗaya. Ba zan kama suna ba, kuma da izininsa nake ba da labarin. Bahaushe ne daga kudancin Katsina. Shi da mahaifiyarsa suna bin Almasihu, mahaifinsa kuwa yana kan addinin kakanni. Tun yana sakandare ba ya kwanciya sai ya yi wa mahaifin addu'a. Bayan wani nazari da aka yi zafi, ya tari wani yayanmu a hanya ya tambaye shi game da tsohon. Amsar da ya samu ita ce: in zaɓaɓɓe ne zai zo ko ka yi addu'a ko ba ka yi ba, in ba zaɓaɓɓe ba ne kuma ko ka yi azumin kwana arba'in a banza.

Yaron ya daina addu'ar. Bayan kwana biyu abin ya juyo kansa, ya fara tunanin to shi ma wa ya ce yana ciki? Ya daina zuwa zumunta, barci ya ƙaurace masa, ya rasa tes guda biyu. Abokin ɗakinsa, wani Musulmi ɗan Gusau, shi ne ya neme ni ya ce, "Malam, ku zo ku duba yaronku, kwana uku ba ya cin abinci sai gari da suga."

Na same shi a kwance an ɗauke wuta. Ya ce min, "Yaya, in ba a rubuta Baba ba, addu'ar me nake yi?"

Na ce, "Ƙanena, wa ya nuna maka littafin?"

Ya yi shiru.

Na ce, "Wanda ya faɗa maka maganar nan, ya ga sunan Baba a ciki ko ya ga babu?"

Ya ce, "Bai gani ba."

Muka haska fitilar waya muka buɗe Ayyukan Manzanni 27. Bulus yana cikin jirgin ruwa da mutum 276, hadari ya yi sati biyu yana jifa da su. Mala'ika ya riga ya tabbatar masa ba wanda zai mutu, magana ta ƙare daga sama. Amma da matuƙan jirgin suka yi shirin sulalewa a ƙaramin kwalekwale, Bulus ɗin nan dai ya gargaɗi sojoji cewa in mutanen nan suka fita, sauran ba za su tsira ba. Ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci. Allah da ya ƙaddara tsira shi ne ya ƙaddara za a tsira ta hannun matuƙa da cin gurasa da iyo da kama katako. Muka koma sura 18. A Koranti Ubangiji ya gaya wa Bulus yana da mutane da yawa a birnin, tun ba su tuba ba. Bulus bai ce to shi ke nan za su zo da kansu ba. Ya zauna shekara ɗaya da wata shida yana koyarwa. Na ce masa, "In Kalbin ne da gaskiya, wataƙila addu'arka ce igiyar da Allah ya shirya zai jawo Baba da ita. In Arminiyus ne da gaskiya, ƙofa a buɗe take ga Baba har numfashinsa na ƙarshe. Ko ta ina ka bi, an ce ka ci gaba."

Washegari ya kira gida. Tsohon ya tambaye shi ko kuɗin abinci ya ƙare, ya ba shi labarin yadda dawa ta yi bana. Har yau yana kan addininsa. Yaron dai ya koma addu'arsa, ya koma cin abinci, yana kuma fama da lakcarorin nan biyu ko za su sake ba shi dama.

Kada 'yan ɗaya ɓangaren su yi murna, domin akwai naku. Akwai wata ƙanwarmu da duk kiran da aka yi na masu ba da ransu ga Yesu sai ta fita gaba. Na ƙirga sau biyar a zango ɗaya. Da wata yayarta a zumunta ta zauna da ita, sai ta ce duk ran da ta yi fushi ko ta yi ƙarya tana jin an goge sunanta, sai ta sake fita a sake rubutawa. An koya mata ceto kamar sunan da aka rubuta da fensir, kuma abin gogewar yana hannunta. In da hadari ya taso da dare sai ta kama kuka, wai kada Yesu ya dawo ya same ta a ranar da aka goge. Wannan yarinya tana bukatar abin da 'yan Kalbin suka fi iya faɗa: Yohanna 10, tumaki a hannun makiyayin da ba a ƙwace masa, da Filibiyawa 1:6, cewa wanda ya fara aikin shi zai kammala. Shi Wesli ma ya koyar da cewa mai bi yana iya samun tabbaci a zuciyarsa ta shaidar Ruhu Mai Tsarki. Ba koyarwar Wesli ba ce ta hana ta barci, guntun koyarwa ne. Guntun Kalbin ya kwantar da wancan yaro, guntun Wesli ya firgita wannan yarinya.

Abokaina Musulmi da ke karantawa, na san kuna murmushi, domin kun san irin wannan hanya. Imani da ƙaddara yana cikin shika-shikan imani shida a wajenku, kuma malamanku sun sha fama da Jabariyya masu cewa mutum ba shi da zaɓi ko kaɗan, da Ƙadariyya da Mu'utazila masu jingina aikin mutum ga mutum, har Imam Ash'ari ya zo da bayanin kasbu. Tambayar tamu ba daidai take da taku ba, domin tamu tana rataye ne a kan gicciye da wanda aka mutu dominsa. Amma harshen da muke magana da shi ɗaya ne, kuma cike yake da ƙaddara. Muna cewa ƙaddara ta riga fata. Muna cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Bakin da ya faɗi waɗannan shi ne kuma yake cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Ban taɓa ganin manomin da ya ƙi shuka don an riga an rubuta abin da zai girba ba. A hostel ɗin nan ma, masu cewa komai an rubuta su ne ke kwana a aji da fitila in jarrabawa ta matso. Ba wanda ke gwada ƙaddara a kan sakamakonsa, sai a kan ran mahaifin wani.

Za ku tambaye ni ina na tsaya, kuma ba zan noƙe ba. Ni na fi karkata ga cewa Allah ne ya fara. In na dubi kaina da yaran da muka tashi unguwa ɗaya, muka yi makarantar Lahadi ɗaya, ban ga abin da na fi su da shi ba, ba wayo ba, ba taushin zuciya ba. In na durƙusa ban taɓa cewa na gode wa kaina da na zaɓi daidai ba. Kai ma ɗan uwa mai bin Arminiyus ba ka taɓa faɗar haka ba, kuma in kana roƙo domin mahaifinka cewa kake yi Allah ya juya zuciyarsa. Amma na kuma gaskata cewa in Allah ya ce kowa ya zo, ba wasa yake yi ba, kuma baƙin cikin Yesu a kan Urushalima na gaske ne. Za ka ce min biyun ba sa haɗuwa a lissafi. Na ji, kuma tambayarka tana da nauyi: in yana so kowa ya tsira, kuma yana da iko, me ya hana? Ɗan Kalbin yana da wannan ƙulli a gabansa. Ɗan Arminiyus ma yana da nasa, domin ya yarda Allah ya san ƙarshen kowa tun kafin ya halicce shi, ya kuma halicce shi. Ba ɓangaren da ya fita ba da kaya a ka ba. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta raba abubuwa gida biyu, na ɓoye da Allah ya riƙe wa kansa, da na bayyane da ya ba mu domin mu aikata. Jerin sunaye yana gida na farko. Umarnin a yi wa kowa bishara, a yi addu'a domin kowa, a ƙaunaci ɗan uwa, yana gida na biyu. Bulus ma da ya gama surori uku a kan maganar nan, 9 zuwa 11, da yabon zurfin hikimar Allah ya rufe, kuma a farkon sura 9 da ta 10 kuka yake yi da addu'a domin danginsa da ba su ba da gaskiya ba.

In kuna son misalin yadda ake wannan faɗa, ku dubi Jon Wesli da Joj Witfild. Abokai ne tun suna Oksfod. Wesli ya yi wa'azi mai zafi a kan ƙaddara a 1739, Witfild ya mayar masa da martani a rubuce a 1740, mabiyansu suka rabu gida biyu. Ba wanda ya sauya ra'ayi har mutuwa. Amma dukansu biyu sun ƙare rayuwarsu a fili suna kiran masu haƙar kwal da talakawa su zo ga Almasihu. Da Witfild ya rasu a Amurka a 1770, Wesli ne ya yi wa'azin tunawa da shi a Landan, kuma Witfild ɗin ne ya bar wasiyyar haka. Shekara talatin suna jayayya, zumunci bai mutu ba. Mu wata uku kacal, har mun raba guruf.

Don haka ga roƙona, a matsayin ɗan uwa ba shugaba ba.

Mu ci gaba da gardamar, ba na cewa a rufe baki. Amma a yi ta da Littafi a buɗe, sura guda daga farko har ƙarshe, ba aya ɗaya da aka tsinto a bidiyo ba. Kafin ka soki ra'ayin ɗan uwanka, ka faɗe shi yadda shi da kansa zai ce e, haka nake nufi.

Kada wani ya sake yanke wa rayayyen mutum hukunci, ko uban wani, ko abokin ɗakinsa, ko kansa. Ba a ba mu wannan aiki ba.

Mu lura da wanda ke gabanmu. Amsar da ta dace da ɗan aji huɗu mai son muhawara a kan shayi ba ita ce ta dace da yaron da ya baro gida karon farko yana ɗauke da damuwar iyayensa ba. Wani in ya yi tambaya ilimi yake nema, wani kuma ciwo ne ke magana.

Shugabannin zumunta, don Allah ku gayyato dattawa biyu, ɗaya daga layin Kalbin ɗaya daga layin Wesli, su zauna benci ɗaya su yi mana bayani, mu ga yadda manya ke saɓani su tashi su ci abinci tare. Baba Fasto na cocin Hausa da muke zuwa ya riga ya ce ƙofarsa a buɗe take.

A mayar da guruf ɗin nan ɗaya. Ran da wani cikinmu ya kwanta asibiti, ko aka kira daga gida aka ce an kai hari ƙauyensu, ba za mu tambayi ko ɗan Kalbin ne kafin mu haɗa masa kuɗin mota ba. Nan ba gida ba ne, mu ne dangin juna.

Yayanmu da ya ba yaron nan waccan amsa, na san za ka karanta. Ba na riƙe ka a zuciya, mun yi magana ni da kai kafin na rubuta wannan. Kana da ƙwaƙwalwa, kana da kishin Allah, kuma yaron har yanzu yana ganin girmanka. Ka leƙa ɗakinsu.

Jarrabawa saura sati uku. Wanda ya gaskata an ƙaddara masa ci ya je ya yi karatu, wanda ya gaskata zaɓi a hannunsa yake shi ma ya je ya yi karatu. Allah ya ba mu sa'a, ya kiyaye iyayenmu a gida, ya kai mu hutu lafiya. Sai mun haɗu ranar Laraba, Romawa sura 10 za mu shiga, kowa ya karanto ta tun daga gida.